Dangwala yatsa ba shi ne yarda ba



Duk wanda ya taɓa zama a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta Yamai, ya san ba a yi ma ɗan kasuwa rufa-ido. Mace ba ta sayen buhun wake sai ta zura hannu ciki ta ga ko ƙwari sun ci. Tiya guda ta hatsi sai an taya, an ce albarka, an sake tayawa. Mai ba da kaya bashi yana da ɗan littafinsa, wanda bai yi lakkol ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ajami ba ya kira shaidu. Amma wannan macen da ba a iya cutar ta da dala biyar a bakin rumfarta, ranar da ta shiga gidan likita sai ta koma kamar baƙuwa a garin da ba ta jin yarensu. A miƙo mata takarda da Faransanci a ce ta dangwala, ta dangwala. A ce ta kwanta, ta kwanta. Me za a yi mata? Don me? In ba a yi ba me zai faru? Ita ba ta tambaya ba, kuma ba wanda ya ga ya dace ya gaya mata.

A cikin shirin da nake gabatarwa a gidan rediyo, inda masu saurare ke bugo waya, wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya ta ba mu labarin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau. Naƙuda ta yi mata tsawo, aka kai ta gidan haihuwa, aka yi mata aiki, yaron bai zo da rai ba, ita kuma Allah ya tashi kafaɗunta. Shekara 2 tana jiran wani ciki, tana kashe ribar tattasai da albasa wajen sassaƙe da jiƙe-jiƙe, kishiya na yi mata habaici, sai da ta je wani gari aka yi mata hoton ciki sannan aka shaida mata cewa ai tun waccan rana an cire mata mahaifa. Mai yiwuwa ne cirewar ce ta ceci ranta, domin in mahaifa ta fashe ko jini ya ƙi tsayawa, wani lokaci likita ba shi da wata dabara. Ba mu ce an yi kuskure wajen aikin ba. Abin da muka ce shi ne ta yi kwanaki a kan gado bayan ta farfaɗo, aka sallame ta, ba a samu mutum guda da ya zaunar da ita minti 5 ya faɗa mata abin da aka yi a jikinta ba. Ta ce ita ba kuɗɗi take nema ba, so take ta san dalili.

Domin mu gane nauyin wannan magana, bari mu leƙa maƙwabta. Da yawa daga cikinku na saro atamfa a Kantin Kwari, kun san Kano kamar tafin hannunku, amma ƙila ba kowa ya san yadda shari'ar nan ta Trovan ta fara da yadda ta ƙare ba.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau mai tsananin gaske ta faɗa ma arewacin Najeriya. Fiye da mutum dubu 100 suka kamu, sama da dubu 11 suka rasu. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda Kanawa ke ce ma Asibitin Zana, ya cika ya batse, ƙungiyar likitocin nan ta MSF tana ba da magani kyauta a cikinsa. Ana cikin haka sai ga ayarin ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin ko a Amurka ba a ba da izinin sayar da shi ba. Suka ɗauki yara kusan 200 suka raba su gida biyu, rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar wani magani da aka riga aka sani, domin a ga wanda ya fi. Cikin kamar mako 2 suka gama, suka tattara nasu ya nasu suka koma ƙasarsu. Yara 11 suka rasu, 5 daga cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Wasu suka rayu da kurumta, wasu da makanta, wasu da shanyewar jiki ko taɓuwar ƙwaƙwalwa.

A nan sai a yi adalci. Sanƙarau ita kanta tana kisa, tana kurumtar da yara, mu ƴan Nijar ba sai an gaya mana ba. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, cewa maganinsa ya ceci rayuka, kuma ma'aikatan jinya ƴan ƙasa sun yi ma iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki. Bai amsa laifi ba. Iyayen kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba wanda ya gaya musu cewa akwai tabbataccen magani kyauta a cikin wannan asibitin, su dai sun ga likitoci da fararen riguna sun miƙa ƴaƴansu, kamar yadda kowace uwa za ta yi in wuyan ɗanta ya sanƙare. To wa za a gaskata? Da akwai takarda mai sa hannun uba da na shaida, da gardama ta yi sauƙi. Kamfanin bai iya fito da irin wannan takarda ba. Takarda guda da aka nuna, mai cewa kwamitin ɗa'a na asibitin koyarwa na Kano ya amince da gwajin, daga baya ta tabbata an rubuta ta ne bayan an gama komai aka sa mata tsohuwar rana. Lokacin da aka yi gwajin ma ba a kafa kwamitin ba.

Shekara 4 zancen bai fito fili ba. Sai a watan Disamba na 2000 jaridar Washington Post ta Amurka ta tono zancen. Gomnatin Najeriya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, kwamitin ya gama aikinsa a 2001 yana mai cewa gwajin ya saɓa ma doka, amma rahoton ya yi ɓatan dabo har 2006, lokacin da ya faɗa hannun ƴan jarida. A 2001 iyalai 30 suka shigar da ƙara a wata kotu ta birnin Niyok. Aka kori ƙarar, suka ɗaukaka, aka sake korar ta, suka sake ɗaukakawa. Sai a watan Janairu na 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa gwada magani a jikin ɗan Adam ba da yardarsa ba abu ne da dokar duniya ta haramta, saboda haka ana iya sauraren maganar a Amurka. A gida kuma gomnatin jihar Kano da ta tarayya sun kai nasu ƙarar a 2007. A watan Yuli na 2009 kamfanin ya sasanta da jihar Kano a kan dala miliyon 75, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba, wato kusan miliyar 35 na sefa a canjin wancan lokaci. Miliyon 35 domin waɗanda abin ya shafa, miliyon 30 domin ayyukan kiwon lafiya a jihar, miliyon 10 kuɗɗin shari'a.

Kuna tsammanin an gama? Sai aka shiga wata sabuwar wahala, wato gane su wane ne yaran. Fiye da mutum 500 suka zo kowa na cewa ɗansa na ciki, alhali yara 200 ne. Tunda iyaye ba su riƙe da wata ƙwaƙƙwarar shaida a hannu, sai aka koma ga gwajin ƙwayoyin halitta da ake ce ma DNA. Iyalai 4 na farko ba su ga kuɗɗinsu ba sai a watan Agusta na 2011, dala dubu 175 kowane iyali, kusan miliyon 80 na sefa. Ku ƙirga da kanku, daga 1996 zuwa 2011 shekara 15 ke nan. Yaron da aka kai asibiti a goye ya zama saurayi. Shi kuwa Trovan, Amurka ta ba da izinin sayar da shi ga manya a ƙarshen 1997, a 1999 ƙasashen Turai suka dakatar da shi, Amurka ta taƙaita amfani da shi saboda yana lalata hanta. Ba a taɓa amincewa a riƙa ba yara shi ba.

Wani zai ce wannan ai matsalar Kanawa ce. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa, kuma namu gemun ma sai da ya ƙuna. A 2003 jihar Kano da wasu jihohin arewa suka dakatar da rigakafin shan inna saboda jita-jitar cewa an sa maganin hana haihuwa a ciki. Jita-jitar ba ta da tushe, amma duk wanda ya tashi kare ta sai ya kawo misalin Trovan, mutane kuma su gyaɗa kai. Kano ba ta koma rigakafin ba sai a tsakiyar 2004. Kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yaran Nijar na bakin iyaka na cikin waɗanda suka shanye, kuma mun ga yadda masu ɗigon rigakafi suka sha wuya a ƙauyukanmu, ana rufe musu ƙofa ana ɓoye yara cikin rumbu. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Bayanin da ba a tsaya an yi ma iyaye 200 ba, yaran da ba su san hawa ba ba su san sauka ba sun biya kuɗɗinsa da ƙafafunsu. Mu ma muna da namu tabon: a annobar sanƙarau ta 1995 an yi ma fiye da mutum dubu 50 a ƙasar nan allurar rigakafi ta jabu, kuma a 2015, shekarar da aka rufe makarantun Yamai saboda sanƙarau, an sake kama jabun allurai suna yawo. Wanda aka taɓa yi ma haka yana da hujjar tambayar abin da za a zuba a jikinsa.

To mene ne yarda? Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus na zamanin Hitila a birnin Nuremberg, duniya ta kafa ƙa'idar cewa ba a gwada komai a jikin mutum sai da yardarsa ta son rai, ƙungiyar likitocin duniya ta ƙara jaddada haka a Helsinki a 1964. A Nijar akwai kwamitin ƙasa na ɗa'a wanda duk mai son yin bincike a jikin mutane sai ya bi ta hannunsa. Amma maganar ta wuce gwajin kamfanoni, ta shafi aikin gwaiwa, da cire haƙori, da ƙarin jini, da allurar tazarar haihuwa. Yarda ita ce a gaya miki, da harshen da kike ji, ciwon da ke damunki, da abin da ake so a yi miki, da amfaninsa, da haɗarin da ke ciki, da ko akwai wata hanya, da abin da zai faru in kin ƙi. Sannan a bar ki ki yi tambaya, ki yi shawara da wanda kike so in lokaci ya bari, ki amsa ba da tsawa ba. Takardar da ake dangwalawa shaida ce kawai cewa an yi wannan zama. In ba a yi zaman ba, takardar kamar resi ce ta kayan da ba a ba ki ba.

Kina da ikon ki ƙi. In kin ƙi, za a sa ki sa hannu a takardar da ke nuna an yi miki gargaɗi kin zaɓi tafiya, kuma wannan daidai ne, domin likita ma yana da haƙƙin kare kansa. Abin da ba daidai ba shi ne a mayar da wannan takarda sandar kora ga duk wanda ya cika tambaya. Yaro ƙarami iyayensa ne ke amsawa a madadinsa. Wanda aka kawo a sume, rai a hannun Allah, ba a jiran sa hannun kowa, aikin likita ne ya ceto shi, amma in ya farfaɗo bashin bayani yana nan a wuyan likita, kuma wannan bashin ne ba a biya mai kayan miyar nan ba.

Akwai kuma sirri. Abin da kika faɗa ma likita ko ungozoma, da abin da awon jininki ya nuna, amana ce, kuma dokar ƙasa tana hukunta ma'aikacin da ya fallasa sirrin aikinsa. Ku masu sayar da abinci kun fi kowa sanin abin da muke nufi. Kalma guda ta fito daga bakin wata ma'aikaciya a gidan biki cewa wance tana da ciwo kaza, gobe tukunyar tuwonta ta kwana ba a taɓa ba.

Yanzu ga maganar da muka san za ta ɓata ran wasu alhazai, amma dole a faɗe ta. Sau nawa mace na kan gwiwa, likita ya ce sai an yi aiki yanzu-yanzu, dangi su ce a jira maigida, maigida kuwa yana kan hanyar Lome ko Agadas, wayarsa ba ta shiga? Awa guda a irin wannan hali tana iya zama bambanci tsakanin suna da zaman makoki. Mace baliga mai hankali, jikinta ne, yardarta ita ce ta farko. Ba mu ce kada a shawarci miji ba, zaman aure ai shawara ne. Amma ku maza masu fatauci, yadda kuke barin ma yaron kanti mabuɗi da umarnin abin da zai yi in kaya sun iso ba ku nan, haka ya kamata ku bar magana a gida tun ciki na wata 7: in likita ya ce aiki, a yi, kada a jira ni. Ku faɗe ta gaban uwarku da ƙannenku, domin sau da yawa su ne ke tsayawa a bakin ƙofa. Kuma ku tuna tun 2006 aikin fiɗa na haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitocin gomnati bisa doka, a 2024 kuma gomnati ta rage kuɗɗin ganin likita da na awo da na aiki da rabi, ta mayar da haihuwa kyauta. Mun san sau da yawa ana cewa magani ya ƙare a rubuto muku ordonans ku je farmasi. Amma duk dalar da kuka biya a cikin gidan likita, ku nemi resinta. Mai karɓar kuɗɗi ya hana resi, kun san sunansa a kasuwa.

In an cuci mutum fa, ina zai dosa? Ƙofa ta farko tana cikin gidan likitan: manjo ko shugaban asibiti, da kwamitin jama'a mai sa ido kan tafiyar da likita, wanda ake ce ma COGES, sai babban likitan gunduma. Ku rubuta kukan, ko ku sa a rubuta muku, da rana da wata da sunan ɗakin da abin ya faru, ku riƙe kofi guda. Sama da nan akwai majalisar likitoci ta ƙasa, wadda ke iya ladabtar da ɗanta in ya karya ƙa'idar aiki. Sannan jastis. A can hanya biyu ce. Akwai ta laifi, inda ake kai kuka wajen ƴan sanda ko jandarma ko mai gabatar da ƙara na gomnati, domin doka tana hukunta wanda ya yi sanadin mutuwa ko rauni ta hanyar sakaci ko ganganci. Akwai kuma ta neman diyya. Aya ta 1382 ta kundin dokokin zaman jama'a, wanda muka gada daga Faransa, tana cewa duk wanda laifinsa ya jawo ma wani hasara dole ya gyara. In asibitin gomnati ne, galibi hukumar ce ake nema da diyya, kuma ana fara rubuta mata kafin a je gaban alƙali.

Sai dai kada mu yaudare ku, hanyar nan tana da ƙaya. Ba ya isa ka ce an kai ɗana da ƙafarsa an fito da gawa. Sai ka nuna an yi kuskure ko sakaci, ka nuna cutar da ta same ka, ka kuma nuna cewa wannan kuskuren ne ya jawo wannan cutar. Na ukun nan shi ne mai wuya, shi ne ya riƙe mutanen Kano shekara da shekaru. Alƙali ba likita ba ne, zai naɗa wani likita ya duba dosiye ya ba shi ra'ayi, kuma a ƙasar da ƙwararru ba su da yawa, mai dubawa da wanda ake dubawa ƙila ajinsu guda a jami'a. Mu kuma al'adarmu da addininmu sun sa muna gaggauta sutura, ba mu son a taɓa gawa, to abin da ya rage ma alƙali shi ne takarda. Nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya fi kowa wayo. Karnen awo, da ordonans, da sakamakon awon jini, da hoton ciki, da resi, da kwalin maganin da aka ba ku, duk ku adana su yadda kuke adana takardun duwan. Kada ku ƙulle ƙosai da su. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar 2011 domin taimaka ma marasa ƙarfi da shawara da kuma lauya, tana da ofisoshi a manyan kotunan jahohi. Mutane da yawa ba su ma san da ita ba.

Mun san abin da za a ce: ƙaddara ce, kwana ya ƙare, a yi haƙuri. Gaskiya ne ba mai wuce ranarsa. Amma direban da ya yi gudun wuce sa'a ya zubar da buhunan albasarku a hanyar Galmi, ba ku ce masa ƙaddara ku tafi ba, sai an zauna an yi lissafi. Malamanmu ma sun san hukuncin kisan kuskure da diyyarsa, sun kuma san cewa wanda ya shiga aikin magani ba da sani ba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya yi. Yafewa alheri ne, amma mutum yana yafe abin da ya sani ne. Wanda aka ɓoye ma gaskiya ba a ba shi damar yafewa ba ma.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan sharhi ya mayar da shi gora a kan ma'aikatan lafiya. Mun shiga likitocin ƙauye mun gani: ma'aikaci guda, layin mata har bakin titi, wuta ta ɗauke, ana karɓar haihuwa da fitilar waya. Likita alƙawarin ƙoƙari ya ɗauka bisa iliminsa da kayan da ke hannunsa, warkarwa ta Allah ce, kuma ba kowace mutuwa ce sakaci ba. Dangin da ke zagin ungozoma ko ɗaga hannu a kan ma'aikacin jinya sun yi laifi, doka ta hau kansu. Mu ma marasa lafiya muna da namu. Mutum ya yi mako 2 yana haɗiyar ƙwayoyin ƴan tebur da suka sha rana, ya zo a galabaice, likita ya tambaye shi me ya sha, ya ce ba komai. In allura ta yi karo da abin da ke cikinsa, laifin wa? Kuma tunda da ƴan kasuwa muke magana, a cikinmu ne masu sayar da waɗannan ƙwayoyi suke, kowa ya san teburinsu.

Abin da muke nema daga ofishin ministan kiwon lafiya ba ya bukatar miliyoyi. Tun watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. To me ya hana takardar yarda da aiki ta fito da Hausa, da boko da ajami, da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a karanta ma mara lafiya ita a gaban shaida nasa kafin ya dangwala, a kuma ba shi kofinsa ya tafi da shi? Me ya hana a kafa allo a ƙofar kowane gidan likita mai nuna farashin komai da abin da yake kyauta, yadda mai gidan mai ke kafa farashin lita? Kuma duk wanda aka yi ma aiki, kada a sallame shi sai da ƴar takarda mai faɗin abin da aka yi da abin da aka cire. Faransa ta sa haƙƙin ganin dosiye cikin dokarta tun 2002, Najeriya ta fito da takardar haƙƙoƙin mara lafiya a 2018. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu adashi, ku da kuke iya tara jama'a cikin yini guda in an ƙara kuɗɗin rumfa, ku gayyato likita da lauya su zauna da ku a kan wannan ko sau guda ne.

Ita kuwa baiwar Allah mai kayan miya, mun tambaye ta ko tana da wata takarda ta wancan lokaci. Ta ce karnenta na nan cikin akwati ƙarƙashin zannuwa, ba ta taɓa sanin abin da aka rubuta a ciki ba. Mun ce ta ɗauko shi, ta sami wanda ya iya karatu kuma ta amince da shi, su koma gidan haihuwar tare su nemi ganin shugaban wurin, su roƙi bayanin aikin da aka yi mata a rubuce. Ta yi alƙawarin za ta sake bugo mana waya ta faɗa mana yadda suka yi, mu kuma za mu kawo muku a wannan shafi.